Wi-Fi a cike, shafi ya ƙi buɗewa: abin da za ka duba kafin ka kira mai gyara

A Nima da Maamobi yanzu intanet ya wuce kayan ƙawa. Da shi ɗalibi ke duba sakamakon BECE da sakandaren da aka tura shi, da shi 'yar kasuwa ke aika hoton atamfa ga mai saye a Kumasi, da shi uwa ke ganin fuskar ɗanta da ke Jamus. Ranar da ya tsaya kuwa, abin da aka saba yi shi ne a zagi kamfani, a jijjiga akwatin, daga ƙarshe a biya wani ya zo ya danna abin da yaron gidan ma zai iya dannawa.

Da yake ina koyarwa a ƙaramar sakandare, iyaye kan tare ni da wannan ƙorafi: "Malam, alamar Wi-Fi a cike take, amma komai ya ƙi buɗewa." Amsata ɗaya ce. Wannan alama tana nuna ƙarfin hanyar da ke tsakanin wayarka da akwatin da ke ɗakinka ne kawai. Hanyar da ta tashi daga akwatin zuwa kamfani daban take, kuma kowace na iya tsinkewa ita kaɗai.

Tun 2017 muka saba da adireshin GhanaPost GPS a jikin gidaje. To, haka duk na'urar da za ta hau intanet take buƙatar nata adireshin, wanda ake kira IP, don saƙo ya san inda zai sauka. Bambancin shi ne na gida a manne yake da bango, na intanet kuwa galibi na haya ne.

Tsarin ba da hayar sunansa DHCP, kuma magana huɗu ce. Na'ura ta yi cigiya, "Wa ke da adireshi?" Mai rabawa ya ce ga wannan. Ta ce ta karɓa. Ya tabbatar mata, ya kuma yanka mata wa'adi. Idan wa'adin ya kai rabi sai ta nemi sabuntawa ba tare da ka sani ba. Wannan ciniki a hawa biyu yake faruwa: akwatin gida ya karɓi adireshi daga kamfani, shi kuma ya raba wa wayoyi da kwamfutoci nasu na cikin gida, waɗanda yawanci ke farawa da 192.168.

Me ya kawo wannan rabo? Tsohon tsarin IPv4 adireshi wajen biliyan 4.3 kawai yake da su, kuma babban rumbun duniya ya ƙare a Fabrairun 2011. Rabon Afirka yana hannun hukumar AFRINIC da ke Mauritius. Shi ya sa gida guda ke fita da adireshi ɗaya, kamar gidan hayarmu na zango: ɗakuna goma sha, ƙofar fita ɗaya.

A Amurka da Ingila gidaje da yawa suna samun intanet ta wayar talabijin, da modem ɗin kebul. Yana fara kama siginar layi, sannan ya nemi adireshi ta DHCP, kamfani kuma ya duba lambar jikinsa, wato MAC, ya ga ko da rajistarsa. Mu nan yawanci faiba ce ko akwati mai SIM. Don haka idan ɗan'uwa ya sako maka irin wancan modem a cikin kaya, kar ka wahalar da kanka: ba shi da wurin SIM, ba shi da bakin faiba.

To, me za ka yi idan abin ya tsaya?

Fara da fitilu. A akwatin faiba, idan fitilar LOS ta yi ja, haske ba ya isowa, wataƙila zaren ya karye ko ya lanƙwashe. Wannan aikin kamfani ne. Kar ka ciro zaren ka leƙa bakinsa, hasken da ba ka gani yana iya cutar da ido.

Na biyu, kashe ka kunna, amma bisa tsari. Cire wuta na rabin minti. Idan akwatinka biyu ne, kunna wanda layin kamfani ya shiga, ka jira fitilunsa su natsu, sannan ka kunna mai raba Wi-Fi. Bayan dumsor sukan tashi tare, na biyun ya yi cigiya tun na farkon bai shirya ba, ya zauna hannu rabbana.

Na uku, duba adireshin da na'urarka ta samu a cikin bayanan Wi-Fi. Idan ka ga ya fara da 169.254, ba wanda ya amsa cigiyarta, ita ta laƙa wa kanta. Matsalar a cikin gida take: sa ta manta da wannan Wi-Fi, ka sake shiga. Ƙananan MiFi suna da iyakar na'urorin da suke ɗauka, kuma ka san yadda lambar sirri ke yawo a tsakar gida. Idan kuwa wayar lafiya lau, buɗe shafin akwatin, adireshinsa na rubuce a ƙarƙashinsa. Ka ga 0.0.0.0 a gurbin WAN? Kamfani bai ba shi adireshi ba. Duba ko data ta ƙare, ko SIM ɗin ya motsa.

Na huɗu, idan WhatsApp na tafiya amma shafuka sun ƙi, tabbatar ba datar soshiyal midiya kaɗai ka saya ba. In ba haka ba ne, ana zargin DNS, mai mayar da sunan shafi zuwa lamba. Gwada sa 8.8.8.8 na Google ko 1.1.1.1 na Cloudflare.

Abu ɗaya nake roƙo: ka bar ɗan ramin nan na Reset. Yana goge komai, har sunan shiga da lambar sirrin da kamfani ya saka. Na san wata maƙwabciya da mai gyara ya tsikara mata shi, ya ce akwatin ya mutu, ta sayi sabo, alhali datarta ce ta ƙare.

Wani lokacin ma ba laifin gidanka ba ne. Ranar 14 ga Maris 2024 wayoyin ƙarƙashin teku huɗu, WACS da MainOne da SAT-3 da ACE, suka samu matsala, intanet ya durƙushe a Ghana da maƙwabtanta. A irin wannan rana ko sau ɗari ka kashe ka kunna, a banza. Tambayi maƙwabcin da ke kan wani kamfani kafin ka ciro kuɗi.

Idan ka kira kamfani, faɗa musu kalar fitilu da adireshin da ka gani, ka karɓi lambar ƙorafi. In suka yi shiru, hukumar sadarwa ta NCA na karɓar koke. Iyaye masu jiran sakamako kuma, ku gwada layinku tun ana saura kwana biyu, ku tanadi SIM na wani kamfanin. Ba a fafe gora ranar tafiya.