Ƙaura da Ɗaukaka: Asali, Aji da Jinsi a Kaduna ta Arewa

Masana ilimin zamantakewa suna rarrabe motsi iri biyu a rayuwar al'umma. Na farko shi ne sauyin wuri, wato ƙaura daga ƙauye zuwa birni ko daga unguwa zuwa unguwa, har da kai-komon yau da kullum tsakanin gida da wurin neman abinci. Na biyu kuwa shi ne sauyin matsayi, wato mutum ya ɗaukaka ko ya yi ƙasa ta fuskar dukiya da iko da mutunci idan an gwada shi da iyayensa. Hausawa sun daɗe da sanin cewa abubuwan nan biyu suna jan juna, domin bakin da ya ce kyan ɗa ya gaji ubansa shi ne kuma ya ce zama wuri ɗaya tsautsayi ne, in ji kifi. Ɓangaren birnin Kaduna da ke arewa da kogi fage ne mai kyau na nazarin wannan dangantaka, saboda in ban da Gbagyi da aka tarar a yankin, da wuya a sami mazaunin da shi ko ubansa ko kakansa bai zo daga wani gari ba. Tarihin wannan ɓangare yana nuna cewa ƙaura tana sassauta igiyar asali, amma ba kowace ƙaura ce take kai mutum sama ba, kuma shi kansa ikon tashi da zaɓen masauki an raba shi ne bisa ga aji da jinsi.

Asali da sana'ar gado

A tsarin gargajiya na ƙasar Zazzau, wadda a cikinta aka yanki filin Kaduna, haihuwa ce take fara ajiye mutum a gurbinsa. Sarakuna da masu riƙe da sarauta suna sama, malamai da attajirai suna biye, sannan talakawa manoma da masu sana'ar hannu, yayin da ake ajiye mahauta da makaɗa da maroƙa a ƙasa ko da sun fi maƙwabtansu kuɗi. Masanin nan M. G. Smith, wanda ya yi bincike a Zazzau a 1949 da 1950, ya nuna cewa ko a cikin sana'a guda ana fifita mai yin ta bisa karda, wato gado, a kan shigege, wato wanda ya shige ta da rana tsaka. Wannan tsari bai kai tsaurin rukunonin gado na Indiya ba, inda al'ada ta haramta auratayya da cin abinci tare tsakanin wasu rukunoni, domin Musulunci bai hana ɗan mahauci zama malami ba, kuma bayin sarki sun riƙe manyan sarautu irin su Shamaki da Ɗan Rimi a Kano. Duk da haka tabon asali yana daɗewa. Dokar Turawa ta 1901 ta 'yanta duk ɗan bawa da aka haifa daga watan Afrilun shekarar, aka kuma soke bauta ɗungurungum a Arewa a 1936, amma a ƙauyen da aka san kakan kowa, doka ba ta goge abin da mutane suke tunawa. Ga mai irin wannan tabo, garin da ba a san shi ba mafita ne, kuma da wannan hujja ce ɗan gwagwarmayar Indiya B. R. Ambedkar ya riƙa kiran ƙasƙantattun Indiya da su bar ƙauyuka su koma birane.

Birnin da aka zana kafin a zauna

A 1917 gwamnatin mulkin mallaka ta ɗauke hedkwatar Arewa daga Zungeru ta kawo ta Kaduna, gari marar ganuwa, marar tsohuwar fada, marar gidajen da za su bugi ƙirji su ce su ne masu gari. Sai dai rashin tsohon tsari bai haifar da daidaito ba, domin tun a kan taswira aka raba mazauna: Turawa suka keɓe wa kansu unguwa mai yalwar filaye, aka bar tazarar yadi 440 ba gini tsakaninta da 'yan ƙasa bisa hujjar kiyaye lafiya, aka ware barikin soja da kwatas na akawuna, sauran jama'a kuwa, lebura da ɗan tireda da ɗan dako, suka taru a Sabon Gari da Tudun Wada da ƙauyukan gefe. Sunaye irin su Tudun Nupawa da Unguwar Kanawa shaida ne cewa baƙo yakan sauka ne inda 'yan garinsu suka riga shi, domin a wurinsu zai sami makwanci da wanda zai tsaya masa wajen neman aiki.

Da mulki ya dawo hannun 'yan ƙasa, sai matakin albashi ya maye gurbin launin fata wajen rabon unguwanni. Manufar mayar da aikin gwamnati hannun 'yan Arewa, wadda Sardauna Ahmadu Bello ya bi lokacin da yake Firimiya daga 1954 zuwa 1966, ta buɗe kujeru masu yawa ga mai takardar boko, amma takardar kanta ba a hannun kowa take ba, domin Kwalejin Katsina, wadda aka kawo Kaduna a 1938 kafin a mayar da ita Zariya a 1949 inda daga baya ta zama Barewa, ta fi ɗibar 'ya'yan sarakuna da alƙalai da ma'aikatan En'e, ko da yake ta yaye 'ya'yan talakawa ma. Babban ma'aikaci ya gaji gidan Bature da lambunsa da ɗakunan barori na baya, kuma bayan da Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta danƙa filayen birni a hannun gwamna, wanda ya san hanyar ofis shi ya fi samun fuloti a Unguwar Rimi ko Malali tare da takardar mallaka. Takardar nan ita ake jinginarwa a banki a karɓi rance, ita kuma ake bar wa magada, ta haka muƙamin da mutum ya samu da ƙoƙarinsa ya rikiɗe ya zama sabon gado. Mai gida a Rigasa ko Hayin Banki, wanda takardar ciniki mai sa hannun mai unguwa ce kawai a hannunsa, yana da wurin kwana amma ba shi da irin wancan jari.

Ƙofofin talaka

Ga wanda bai yi boko mai zurfi ba, masana'antu ne suka zama babbar ƙofa. An buɗe masaƙar KTL a Kakuri a 1957, wasu irin su UNTL suka biyo baya, sannan kamfanin harhaɗa motocin Peugeot a 1975 da matatar mai a 1980, dukkansu a kudancin kogi, saboda haka da yawa daga mazauna arewa suka riƙa tsallaka gada safe da yamma. Injin saƙa ba ya tambayar asali. Ɗan mahauci da ɗan liman suna karɓar albashi guda, suna shiga ƙungiyar ƙwadago guda, kuma da wannan albashi mutane da dama suka gina gida suka sa yara a makaranta. Da masaƙun suka durƙushe, KTL a 2002, UNTL a 2007, magidanta suka koma acaɓa da gadi, 'ya'yan da aka sa ran za su zarce iyayensu suka tsaya ƙasa da inda iyayen suka kai.

Ƙofar da ta rage a buɗe ita ce ta kasuwa da koyon sana'a. A kasuwar Panteka, inda ake sarrafa tsofaffin ƙarafa, yaro yakan fara da share rumfa da ɗauko wa ubangidansa kaya, ya kai ga riƙe ƙarfe ana walda ko tara tarkacen alminiyam da ake narkawa a zuba tukunya, har ranar da za a yaye shi ya kafa tasa rumfar. A nan gwaninta ce take jawo ciniki, ba sunan kaka ba. Ƙasa da mai koyon sana'a akwai ɗan ci-rani, wato manomin da yake shigowa birni bayan kaka ya yi ga-ruwa ko dako ko yankan farce, ya kwana a shago ko kango, ya koma gida da faɗuwar damina. Ya yi tafiya mai nisa, amma abin da yake komawa da shi kuɗin taki ne da na sutura, wato abin riƙe matsayin da yake da shi a ƙauye, ba na sauya shi ba. Ko wanda ya yi arziki ma, asali yakan tare shi ranar neman aure, lokacin da iyayen yarinya suke tura a binciko garinsu da sana'ar kakanninsa.

Ƙaurar dole

Ba kowane tashi ne na ganin dama ba. Rikice-rikicen Fabrairu da Mayu na 2000, da na Nuwamba 2002, da na bayan zaɓe a Afrilu 2011, sun mayar da kogin Kaduna iyaka tsakanin mabiya addinai biyu, inda Kiristoci da yawa suka bar unguwanni irin su Tudun Wada da Rigasa suka koma Sabon Tasha da Narayi da Gonin Gora, Musulmi da yawa kuma suka tsallako arewa. Nauyin wannan ƙaura bai faɗa a kan kowa daidai ba: mai hali ya sayi gida ko ya yi musaya, ko ma ya ci gaba da zamansa a unguwar manya inda har yau ake zaune a cakuɗe, ɗan haya kuwa ya tashi da ƙunshin kayansa, ya rasa abokan cinikinsa da maƙwabcin da yake ba shi bashi, ya je ya ƙara cunkoso a inda haya take da araha, ko ya yi gini a bakin kogi inda ambaliya take jiransa. Shirin sabunta birni da gwamnatin jiha ta ƙaddamar a 2019 ya faɗaɗa tituna ya sake gina gadar Kawo, amma da aka rushe Kasuwar Barci a 2020, mai jari ne yake da halin mallakar sabon shago, mai tebur kuwa sai gefen titi. Tashar jirgin ƙasa na Abuja, wanda ya fara jigila a 2016, a Rigasa take, sai dai yawancin fasinjojinsa ratsa unguwar kawai suke yi a cikin mota, 'yan unguwar kuma rabonsu ɗaukar jaka da sayar da ruwa.

Mace da izinin fita

Ga mace, ƙaura mafi girma ita ce aure, domin ita ce take barin gidansu ta tare a gidan miji, kuma unguwar da za ta zauna da irin fitar da za ta yi suna bin halin mijin da yardarsa. A nan dangantakar motsi da matsayi takan juya, saboda kulle, wato zaman matar aure a gida ba fita sai da izini, alama ce ta cewa miji ya wadata iyalinsa, don haka ɗaukakar namiji tana iya taƙaita zirga-zirgar matarsa, alhali matar matalauci ce take fita wankau da aikatau. Matan kulle ba su naɗe hannu ba, suna suyar ƙosai da awara, suna ɗinki da kitso da adashi, amma ƙafar da take kai hajarsu waje ta 'ya mace ce. Yarinyar da take talla a tashar Kawo ta fi uwarta ganin gari, sai dai lokacin makarantarta take kashewa, ribar kuma galibi kayan ɗaki ake tara mata da ita. Haka nan 'yar aikin da aka ɗauko daga ƙauye zuwa wani gida a Malali ta shiga unguwar manya, amma albashinta yakan tafi ne hannun iyayenta ko dillaliyar da ta kawo ta, kuma aikinta ne yake ba matar gida da 'ya'yanta sukunin zuwa ofis da jami'a. Bazawarar da ta nemi ɗakin haya ita kaɗai kuwa takan gamu da tambayar da ba a yi wa namiji, wato ina mijinta yake.

An dai sami sauyi mai yawa. Matan Arewa ba su sami 'yancin jefa ƙuri'a ba sai a 1976, amma a 2019 jihar Kaduna ta zaɓi Dakta Hadiza Balarabe mataimakiyar gwamna. Yaɗuwar makarantun Islamiyya na matan aure daga wajejen shekarun 1980 ta ba mata dalilin fita da jama'a suka amince da shi, hijabi ya zama suturar shiga Keke Napep da aji da asibiti, wayar hannu kuma ta ba mai sana'a a ɗaka damar tallata kayanta a WhatsApp ba tare da ta aiki yarinya ba. Sai dai wannan ci gaba ma aji yake bi, domin 'yar gidan da ke da kuɗin makaranta da na mota ita ce take fara cin moriyarsa.

Saboda haka nisan tafiya ba shi ne ma'aunin ɗaukaka ba. Abin da ya raba babban ma'aikaci da ɗan ci-rani, ko 'yar jami'a da 'yar aiki, shi ne wa ya yanke shawarar tashin, da me mutum ya tafi, takarda ko jari ko ƙarfin jikinsa kawai, sannan ko sabon masaukin ya ba shi abin da zai bar wa 'ya'yansa. Amsar waɗannan tambayoyi tana rataye ne a kan abubuwan da hukuma take iya sauyawa, irin su ingancin makarantar gwamnati a unguwar talakawa, da sauƙin samun takardar mallakar gida, da arahar sufuri, da tsaron da zai bar mutum ya zauna inda abincinsa yake. Muddin waɗannan suka yi ƙaranci, birnin da ya kwance gadon sana'a zai ci gaba da ƙulla gadon unguwa.