Yawon Buɗe Ido a kan Babur

Akwai hanya iri biyu a ƙasarmu. Akwai babban titi, wanda manyan motoci ke bi dare da rana, akwai kuma 'yan ƙananan hanyoyi masu ratsa gonaki da ƙauyuka. Mai bin babban titi ya kan isa da wuri, amma ba ya ganin kome sai ƙura da bayan motar da ke gabansa. Wanda ya ke so ya san ƙasarsa, ƙananan hanyoyin nan ya kamata ya bi, gama a bakinsu ne tsofaffin garuruwa su ke. Ba kuwa abin hawan da ya fi babur dacewa da wannan tafiya, don ba ya shan mai da yawa, yana shiga inda mota ba ta shiga, mai shi kuma yana iya tsayawa duk inda ya ga dama.

Kafin matafiyi ya tashi, wajibi ne ya yi shiri. Sai ya duba birki da tayoyi da fitila, ya ɗaure sarƙa, ya canja baƙin mai. Ya riƙi famfo da kayan faci da gorar ruwa, ya sa takardun babur da lasisinsa a aljihu. Abin da ya fi duka muhimmanci shi ne hular kwano, domin hannu in ya karye ana ɗora shi, amma kai in ya fashe ba mai ɗori. Ya kamata kuma ya tambayi labarin hanya, gama a wasu wurare hukuma ta taƙaita hawan babur saboda tsaro. Lokacin da ya fi kyau shi ne kaka, sa'ad da ruwa ya ɗauke, taɓo ya bushe, hazo kuwa bai riga ya sauko ba.

Ga misalin wata tafiya ta kwana uku, wadda za a fara daga Kano a komo Kano.

Ran farko matafiyi ya kama hanyar Zariya, ya yi kamar kilomita 30, sai ga shi a Kura. Garin nan ya yi suna wajen rini tun zamanin da. A nan a ke yin baƙin rawanin nan mai ƙyalli da a ke kira ɗan Kura. A kan rina shi da baba, sa'an nan mabuga su yi ta bugunsa a kan gungume har ya ɗauki walƙiya. Buzaye na cikin hamada suna son sa ƙwarai. Kewaye da garin kuma akwai gonakin shinkafa, waɗanda ke shan ruwan madatsar Tiga da aka gama ginawa a 1974.

Daga nan sai ya bar babban titi ya nufi Rano, ya kwana can. Rano tana zaune a tsakanin duwatsu, tana kuwa cikin Hausa Bakwai, watau Daura da Kano da Katsina da Zazzau da Gobir da Rano da Biram. A labarin da aka gada daga kakanni, Bawo ɗan Bayajida shi ne uban sarakunan farko na shida daga cikinsu, shi ya sa har yanzu a ke yi wa Sarkin Rano kirari da Autan Bawo. An ce Kano da Rano su ne sarakunan baba, domin su ne suka shahara da saƙa da rini. Wanda ya kalli marinar Kura da safe, ya ji wannan labari da yamma, ba zai manta da shi ba. Gani ya kori ji.

Rana ta biyu ita ce mai wuya, don tafiyar da nisa. Matafiyi zai fuskanci gabas ta ƙananan hanyoyi, ya bar Jihar Kano ya shiga Jihar Jigawa, wadda aka kafa a 1991. A nan ne gwanintarsa za ta bayyana. In ya tarar da rairayi, sai ya sauko da giya, ya riƙe kan babur sosai, kada ya taka birki da ƙarfi. In ya ga garken shanu, sai ya tsaya su wuce. In ya shiga ƙauye, ya rage gudu, gama yaro ko akuya na iya faɗowa kan hanya ba labari. In hanya ta rabu biyu, ya yi sallama ga manomi ya tambaya. Matambayi ba ya ɓata.

Ladan wahalar nan yana Birnin Kudu. A jikin duwatsun garin, kamar Dutsen Habude da Dutsen Mesa, akwai zane-zanen da mutanen da suka yi tun da daɗewa ƙwarai. Yawancinsu siffar shanu ce. Abin mamaki, shanun ba su da tozo, ba kamar waɗanda Fulani ke kiwo yanzu ba. Wannan ya nuna cewa a da wani irin sa ne dabam ke kiwo a wannan ƙasa. Har wa yau akwai waɗansu duwatsu a wurin da in an buga su da ƙaramin dutse sai su yi ƙara kamar ƙararrawa. Baƙo mai hankali ba ya taɓa zanen, ba ya kuma rubuta sunansa da gawayi a kusa da shi. Abin da ya daɗe haka, yaro ɗaya na iya ɓata shi a rana ɗaya, ba kuwa mai iya mayar da shi.

Ran na uku sai ya yi arewa zuwa Dutse, babban birnin Jigawa. Tsohon garin, wanda a ke kira Garu, yana bisa tudu cikin duwatsu, ƙasar kuma ta yi suna da dabino. Daga nan ya juya yamma zuwa Gaya. Masu tarihi sun ce daga Gaya ne waɗansu maƙera suka tashi neman tama, suka same ta a dutsen Dala, suka zauna. Su ne a ke kira Abagayawa. Ashe ƙaramin gari na iya zama mafarin babban birni. In ranar ta faɗo Jumma'a, sai ya tsaya Wudil ya ga kasuwar shanu, sa'an nan ya haye gada ya isa Kano kafin magariba, don tafiyar dare a kan babur ba ta da kyau.

A kowane gari, matafiyi ya fara zuwa ƙofar dagaci ko mai unguwa ya yi gaisuwa, ya faɗi abin da ya kawo shi. Shi zai haɗa shi da dattijon da ya san tarihi. Irin waɗannan dattawa kullum raguwa su ke yi, tsofaffin ganuwowi kuma kowace damina zubewa su ke yi. Saboda haka ya riƙa rubuta abin da ya ji a littafi.

Babur ba abin hawan yara ba ne. Amma kafin yaro ya isa hawa, yana iya fara wannan yawo da ƙafa a garinsu. Ya tambayi kakansa wanda ya kafa garin, da inda tsohuwar kasuwa ta ke, da ma'anar sunan unguwarsu. Wanda ya saba tambaya a gida, shi ne zai amfana ran da ya fita waje.

Tambayoyi

1. Don me babur ya fi mota dacewa da ƙananan hanyoyi?
2. Faɗi sunayen Hausa Bakwai.
3. Mene ne bambancin shanun zanen Birnin Kudu da na yanzu?
4. Su wane ne Abagayawa?