Makarantar Kasuwanci Ko Zaman Shago?

Tun da aka kafa Jami'ar Garwa a 2022, tare da sashenta na koyon kasuwanci mai suna ESSEC, wata muhawara ta shigo zaurukanmu na Poumpoumré. Yaro ya ci jarrabawar bakaloriya. Shin a kashe kuɗi ya je ya karanto kasuwanci, ko a zaunar da shi a shago ya san mutane?

Masu cewa a zauna shago suna da hujja. Kasuwancinmu da Yola da Kano a kan amana yake tafiya. Maigida yakan ba yaronsa kaya bashi ba tare da takarda ba, dillali ya haɗa shi da mai saye, adashi ya ba shi jari. Babu malamin da zai rubuta amana a allo. Sai an ga yadda yaro yake riƙe kuɗin wani shekara da shekaru.

To, amma zamani ya kawo nasa. Wanda yake neman kwangila a Sodecoton, ko bashin banki, ko fitar da kaya daga tashar jirgin ruwa ta Duwala, za a tambaye shi lambar haraji da littafin lissafi bisa dokar OHADA. A nan sanin mutane kawai ba ya isa. Dattawanmu ba su manta da Janairun 1994 ba, lokacin da aka karya darajar sefa da rabi a dare ɗaya. Wanda bai iya lissafin canji ba ya sha wuya.

Mu duba Aliko Dangote, mai kamfanin siminti a Duwala. Ya yi karatu a Jami'ar Azhar ta Masar, amma jarin da ya fara da shi a 1977 bashi ne daga kawunsa. Karatu da dangi suka haɗu.

Shawararmu ga iyaye ita ce kada a sayar da shanu a biya makaranta da tunanin takardar shaida za ta kawo ciniki. Kada kuma a hana yaro karatu don shago. Ya je aji, ranar Asabar da lokacin hutu ya zauna gaban maigida, yana riƙe masa littafin shiga da fita. Idan ya gama, yana da ilmi, kasuwa kuma ta riga ta san fuskarsa.

Allah Ya yi wa 'ya'yanmu albarka, amin.