Ɗan Baƙo da Karatun Addini: Daga Zango zuwa New York

Duk mutumin Kurfai da ya taɓa barin Filinge ya tafi bida Kumasi ko Abijan ya san al'adar zango: da an kafa masallaci, sai a nemi malamin da zai zaunar da yara gaban allo. Uban da ke ƙasar wasu yana tsoron yunwa, amma ya fi tsoron ɗansa ya tashi bai san addinin gidansu ba. Irin wannan fargaba ce ta kama talakawa ƴan Katolika da suka kwarara Amurka a ƙarni na 19.

Daga 1845 cuta ta lalata dankalin ƙasar Ayalan. Yunwa ta kashe kimanin mutum miliyan guda, fiye da miliyan suka yi hijira, da yawansu zuwa New York. Can suka tarar makarantun gari suna karantar da yara Littafi Mai Tsarki a fassarar Furotesta. Tun a 1840 Bishop John Hughes na New York ya nemi a ba makarantun Katolika kasonsu daga kuɗin gwamnati, aka hana shi. Sai ya juya ga mabiyansa, ƴan dako da ƴan aikatau suka dinga haɗa taro da sisi ana gina aji a gefen majami'a.

Abin da ya fi ci musu tuwo a ƙwarya ya zo a 1854, lokacin da wata ƙungiyar agaji ta fara kwashe yaran titi a jirgin ƙasa tana danƙa su ga manoman karkara, galibi Furotesta. Nan ƴan Katolika suka gane cewa mai ciyar da yaro shi ke zaɓa masa addini, suka dage da buɗe gidajen marayu nasu.

A 1884 taron bishop-bishop na Baltimore ya wajabta wa kowace majami'a makaranta. Shekara na zagayowa aka fitar da littafin katikisim, tambaya da amsa, yaro ya haddace kamar almajiri da allonsa. A 1889 kuma wata sista ƴar Italiya, Francesca Cabrini, ta sauka New York da sistoci shida, suna karantar da ƴaƴan Italiyawa da harshen iyayensu. Kafin rasuwarta a 1917 ta kafa cibiyoyi 67: makarantu, asibitoci da gidajen marayu.

Sirrin nasararsu shi ne ba su ba yaro karatu da ciki wayam ba. Sun haɗa masa da abinci, makwanci da sana'a. Duk zangon da ya ajiye malami, ya kamata ya tanadi tukunya a gefensa.