Rabon Zango Kafin a Harba Tauraro

A watan Yunin 2017 rokar Falcon 9 ta ɗaga da wasu ƙananan taurarin ɗan'adam guda 5 zuwa tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa, aka sake su cikin falaki a watan Yuli. Ɗalibai ne suka ƙera su a jami'ar fasaha ta Kyushu da ke Japan. Cikinsu akwai NigeriaEduSat-1, wanda jami'ar fasaha ta Akure ke da hannu a ciki, da GhanaSat-1, sai na Bangaladash da Mongoliya da na Japan ɗin kanta. Kowanne ɗan akwati ne mai santimita 10 ta kowace fuska. Ƙera irin wannan abu aiki ne ja, amma samo masa gurbin da zai yi magana a iska ba tare da ya shiga maganar wani ba, shi ma wani aikin ne, kuma ba kasafai ake ba da labarinsa ba.

Tauraron ba ya zuba bayani a jere kamar mai karanta labarai. Yanka shi yake yi ƙunshi-ƙunshi, kowane ƙunshi ɗauke da sunan mai aikowa, da saƙon, da wasu lambobin tantancewa a ƙarshe. Idan ƙunshi biyu suka iso kunnen tasha lokaci guda a zango guda, lambobin ba za su yi daidai ba, kwamfuta kuwa ba ta san rabin saƙo ba: watsar da shi take yi. Kunnen mutum kan tsinci kalma ko da 'yan talla biyu na shela a gabansa, na'ura ba ta da wannan haƙurin.

An daɗe da auna girman wannan asara. A 1971 Norman Abramson da abokan aikinsa na jami'ar Hawai suka haɗa kwamfutocin tsibiransu ta rediyo da tsarin ALOHAnet, inda kowa ke aikawa duk sa'ad da ya ga dama, in an yi karo ya ɗan jira ya sake. Lissafi ya nuna da wannan salo, kusan kashi 18 cikin 100 na ƙarfin zangon kaɗai ake mora. Da aka yanka lokaci gida-gida, ba mai fara aikawa sai a farkon gida, abin ya ninka zuwa kusan kashi 37. Ba a ƙara wa kowa ƙarfin wuta ba, tsari kawai aka sauya.

To, me zai hana a ba kowace tawaga zangonta ita kaɗai? Wurin ne ƙarami. Yawancin taurarin ɗalibai na aiki ne tsakanin megahaz 435 da 438, yankin da hukumar sadarwa ta duniya, ITU, da ke Janiba, ta yarda taurarin masu rediyon sha'awa su yi amfani da shi. Idan aka ba kowa faɗin kilohaz 25, gurbi 120 ke nan ga duniya baki ɗaya. Ga kuma gudu: tauraron yana keta sama da kilomita 7 a daƙiƙa, saboda haka zangonsa kan ɗaga da kusan kilohaz 10 yayin da yake tunkaro tasha, ya sauka da kamar haka in ya ba ta baya. Tilas a bar rata tsakanin maƙwabta. Sannan harbin ya koma na gayya. A Fabrairun 2017 Indiya ta harba taurari 104 da roka ɗaya, kuma irin waɗannan kan yi kwanaki suna tafe kusa da juna, lokacin da kowace tawaga ke zumuɗin jin muryar nata.

Dabarar a ce kowa ya saurara kafin ya yi magana tana aiki a Wi-Fi na cikin gida, amma a nan ba ta isa ba. Tashoshi biyu, ɗaya a Akure ɗaya a Akara, ba sa jin juna, alhali tauraron da ke bisa kansu yana jinsu duka.

Shi ya sa ake zuwa wurin mai riƙe da littafi. Ƙungiyar masu rediyon sha'awa ta duniya, IARU, wadda aka kafa a Paris a 1925, tana da kwamitin 'yan sa-kai da ke karɓar buƙatun tawagogi, ya duba falaki da faɗin zango da waɗanda za a harba tare, ya ba da shawarar gurbi. Lasisi kuwa hukumar ƙasar masu tauraron ce ke bayarwa. Akwai kuma sharaɗin da a ganina ya fi kowanne hikima: dole a iya kashe na'urar aikawar daga ƙasa, domin tauraron da ya rikice yana surutu babu mai hawa ya cire masa batir.

Tawagar da ta bar neman gurbi sai ta gama ƙera rediyonta ta jawo wa kanta wahala. Tsawon eriya da matatar sigina duk a kan zangon ake aunawa, in aka ba ta wani daban, sai ta kwance aikin watanni, ranar harbi kuma ba ta jiran kowa.