DOKIN ƘARFE: SASSAN KEKE DA AIKIN KO WANNENSU

A zamanin En'e, idan saurayi ya gama makaranta aka ɗauke shi akawu ko malami, abin da ya ke fara sa wa a ransa shi ne keke. Akan ba shi rance ya saya, a riƙa cirewa daga albashinsa wata wata, ran da ya shigo unguwa bisa sabon Raleigh kuwa har yara su bi shi da gudu. Daga baya babur da mota suka danne dokin ƙarfe, amma ba su kashe shi ba. Tun da aka janye tallafin man fetur cikin 2023, ma'aikata da dama sun jawo tsofaffin kekunansu daga zaure sun kakkaɓe.

Abin da ya sa muka ɗauko wannan magana shi ne, sai ka ga mutum ya shekara goma yana hawan keke bai san abin da ke cikin cibiyar wilinsa ba. In ya ji ƙara sai ya ce ai tsufa ne, har ran da keken zai tsaya masa a tsakiyar hanya, ga ƙararrawar makaranta ta kusa bugawa. Alhali kuwa mafi yawan abin da ke kashe keke daga ƙanƙanen abu mai araha ya ke farawa, ya bi ya cinye babba mai tsada. Ɗan hakin da ka raina shi kan tsone maka ido. Sabo da haka za mu bi sassan ɗaya ɗaya, mu faɗi aikin ko wanne da alamar da ya ke nunawa in ya fara gajiya.

GANGAR JIKI

Gangar jikin keke, wadda masu gyara ke kira firam, ita ce ke riƙe da sauran sassa duka. Da bututun ƙarfe a ke yin ta, domin bututu ya fi sandar ƙarfe mai nauyi daidai da nasa wuyar lanƙwasuwa. In ka dube ta daga gefe za ka ga siffar alwatika biyu a manne. Malami na iya nuna wa yara dalilin haka a aji: a haɗa kara huɗu da ƙusa a danna, sai su karkace; a haɗa uku a danna, ba za su motsa ba.

Ba haka keke ya fara ba. Wanda Karl von Drais ya yi a Jamus cikin 1817 na katako ne, ba shi da feda, da ƙafa a ke tura ƙasa. Wajen 1860 da 'yan kai aka sa feda a Paris, amma a jikin wilin gaba aka liƙa ta, watau juyin ƙafa ɗaya juyin wili ɗaya. Mai son gudu sai ya nemi ƙaton wili, har aka yi waɗanda tsayinsu ya wuce inci 50, in dutse ya tare su mahayi ya faɗo ta ka. Cikin 1885 John Kemp Starley na birnin Coventry a Ingila ya fito da keken da ya kira Rover, mai sarƙa zuwa wilin baya, mahayi kuma yana kusa da ƙasa. Daga gare shi keken da mu ke hawa ya samo asali.

In keke ya yi karo, a duba fenti a wuyansa. Idan fentin ya tsattsage ko ya yi ƙudundune, ƙarfen da ke ƙarƙashi ya ji jiki, kada a ɗora masa kaya sai mai gyara ya gani.

FEDA DA SARƘA

Ƙarfin mahayi ta feda ya ke shiga. Feda na juya hannun ƙarfen da ta ke liƙe da shi, hannun na juya babban faranti mai haƙora, farantin na jan sarƙa, sarƙa kuma na juya ƙaramin faranti na wilin baya. Akwai abu guda da ya sha sa mutane ɓarna: zaren fedar hagu a juye ya ke. Yadda a ke kwance sauran notuna, haka a ke ɗaure ta. An yi haka ne don kada ta kwance kanta cikin tafiya. Wanda bai sani ba sai ya yi ta murɗawa da sifana har ya cinye zaren.

A irin kekunan dā, wani ɗan ƙusa mai noti ne ke riƙe hannun feda a jikin sandarsa. In ya saki sai ka ji feda na faɗawa ƙwas a ko wane juyi. Kuɗin ƙusan kaɗan ne, amma in an bar shi sai ya rarake ramin, a sayi hannun gaba ɗaya.

Ga wani lissafi da ya dace da allo. Wili mai inci 28, kewayensa 28 sau 22 bisa 7, watau inci 88. A ce babban faranti na da haƙora 48, ƙarami na da 16. Juyin feda ɗaya zai juya wili sau 3, keke ya ci inci 264, watau ƙafa 22. Mil ɗaya ƙafa 5,280 ne, sabo da haka juyi 240 zai kai ka mil. To, a canja ƙaramin a sa mai haƙora 24. Yanzu wili sau 2 zai juya, mil ɗaya sai da juyi 360, amma ko wane juyi ya fi sauƙin takawa. Asirin giya ke nan duka. Na farko na mai sauri ne a miƙaƙƙiyar hanya, na biyu na mai hawan tudu ne ko mai ɗauke da buhu. Kamfanin Sturmey-Archer na Nottingham ya fito da giya uku a ɓoye cikin cibiyar wilin baya tun 1902, kekunan yanzu kuwa da yawa faranti barkatai gare su, sarƙa na tsallakawa daga wannan zuwa wancan.

Cikin ƙaramin farantin akwai waɗansu 'yan harsunan ƙarfe da ke kamawa in ka taka gaba, su saki in ka tsaya. Su ne ke yin ƙaran nan na tik-tik sa'ad da ka ke gangara ba ka takawa. In datti ya daskarar da su sai ka taka feda ta zarce, keke bai motsa ba.

Ita sarƙa, tsakanin ko wane ƙusa nata da na gaba rabin inci ne daidai, haƙoran faranti ma a kan wannan awo aka yanka su. Idan ƙurar hunturu ta gauraya da mai sai ta zama kamar dutsen wasa wuƙa, ta ci gaɓoɓin, sarƙa ta ƙara tsawo, ta daina zama daidai cikin haƙora, ta shiga cin su. Ka ga an tashi daga sayen sarƙa an koma sayen sarƙa da faranti biyu. Maganin shi ne a goge ta da tsumma, a ɗiga mai kaɗan a ko wace gaɓa, sa'an nan a share na waje. A keke marar giya, kada sakinta ya wuce kamar rabin inci sama da ƙasa.

WILI DA BORIS

Wili kashi uku ne: cibiya, da wayoyi, da rim inda taya ke zama. Waya ɗaya in ka cire ta yaro ma ya lanƙwasa ta, amma da ya ke an ɗaure su duka tamau, ko wace na jan rim zuwa cibiya, sai su ɗauki mutum da kayansa. Galibi 36 ne a wili, tsofaffin kekunan Ingila kuwa 32 a gaba, 40 a baya, domin baya ta fi ɗaukar nauyi. In ɗaya ta tsinke, nauyinta na komawa kan maƙwabtanta, rim ya fara rawa yana gogar birki, su ma su bi ta. A sauya ta tun tana ita kaɗai.

Duk inda wani abu ke juyawa a keke, a cibiya, da gindin feda, da wuya, akwai boris, watau 'yan ƙwallayen ƙarfe da ke mirginawa cikin giris don kada ƙarfe ya gogi ƙarfe. Wani Bafaranshe mai suna Jules Suriray ya sa su a keke cikin 1869, a shekarar kuwa James Moore ya ci tseren Paris zuwa Rouen bisa keke mai irinsu. Gwajinsu ba wuya. Ɗaga wili ka girgiza shi gefe da gefe. In ya yi ƙwal-ƙwal ya saki. Juya shi, in ka ji gurzo kamar da yashi, giris ya ƙare ko ƙwallo ya fashe. In an yi sakaci sai su rarake kwanon da su ke ciki, shi kuwa a jikin cibiya ya ke.

TAYA DA TIF

Kekunan farko da tayar ƙarfe ko ta roba tsura su ke tafiya, mahayi na jin ko wane tsakuwa a ƙashinsa. Cikin 1888 wani likitan dabbobi a Belfast, John Boyd Dunlop, ya yi rajistar taya mai iska, wadda ya fara yi wa keken ɗansa. Iskar ce ke ɗauke da kai. Tif na riƙe ta, taya na tsare tif daga ƙaya da tsidau.

Yawancin faci rashin iska ke jawo shi. Taya mai laushi in ta faɗa rami sai rim ya matse tif ya yi masa huji biyu kusa da juna, ga kuma nauyin takawa, ga gefen taya na tsagewa. Awon iskar da ta dace yana rubuce a gefen taya. In kuwa iska na sauka a hankali, a fara duba bawul kafin a cire wili: a shafa masa yawu, in ya yi kumfa to 'yar robar da ke cikinsa ce ta mutu.

BIRKI, KAI DA SIRDI

Sauran sassa in sun lalace aljihu ke ji, birki kuwa in ya lalace rai ne. Ko na sanda ne ko na waya, aikinsa ɗaya: in ka matsa, roba biyu su kama rim. Na gaba ya fi ƙarfin tsai da keke, domin nauyi gaba ya ke zubawa in an tsaya, amma in an fizge shi shi kaɗai yana iya kifar da mahayi. A matsa su tare, a hankali. Da damina rim mai ruwa ba ya kamuwa da wuri, sai a fara birki tun daga nesa. Kada mai ya taɓa rim ko robar. In robar ta cinye har ƙarfe ya fara ƙara, a sauya ta a ranar. Abin da yara ke yi na sa takalmi a taya maimakon birki, lalle malamai su tsawata a kai.

Kan keke, inda a ke riƙewa, yana haɗe da ƙarfen nan mai ƙafa biyu da ke riƙe wilin gaba. Ban da juyawa, da shi mahayi ke tsai da kansa: in keke ya karkata dama, kai ya ɗan juya dama, sai ya miƙe, mahayi bai ma san ya yi ba. Shi ya sa wuya mai tauri ko mai saki ke sa keke yawo a hanya. Ka matsa birkin gaba ka tura keke gaba da baya. In ka ji bugu a wuya, a ɗaure.

Sirdi kuwa, ka zauna ka sa diddige a feda sa'ad da ta ke can ƙasa. In ƙafarka ta miƙe sosai, tsayinsa ya yi. Sirdin da ya yi ƙasa shi ke kawo ciwon gwiwa da gajiya tun ba a je ko'ina ba. Ƙararrawa da fitila da jan madubin baya, su ne bakin keke da idonsa. Mai komawa gida bayan magariba kada ya rabu da su. Kariya an yi ta don kaya daidai wa daida. In an labta mata fiye da kima, wayoyin baya ke biya.

Shawararmu a taƙaice ita ce, ko wace safiya kafin ka hau ka matsa tayoyi da yatsa, ka gwada birki biyu. Ko wane mako ka goge sarƙa, ka bi notuna da sifana, ka taɓa wayoyi. Sau ɗaya a shekara, bayan hunturu ya wuce, ka kai wa mai gyara ya buɗe boris ya wanke ya sa sabon giris, kai kuma ka zauna kusa ka ga yadda ya ke yi. Malamin da ya shigo da kekensa aji ya kifa shi bisa sirdi, ya samu darasin lissafi da na kimiyya a wuri guda, yara kuma su tashi sun san abin da za su hau. Allah ya kiyaye hanya, amin.