Sabbin Tashoshin Wuta A Abuja: Ina Ribar Take?

Abuja ta daɗe tana dogaro da wutar da ake jawowa daga madatsar ruwa ta Shiroro, wadda aka buɗe a 1990, ta kan layi mai ƙarfin kilobolt 330 zuwa Katampe. Daga baya aka ƙara hanya ta biyu daga Ajaokuta, ta Lokoja, zuwa Gwagwalada. Birnin kuwa bai tsaya jiran waya ba, unguwanni suka yi ta bazuwa ta Lugbe da Lokogoma.

Domin cike wannan giɓi ne Kamfanin Dakon Wutar Lantarki na Ƙasa, TCN, ya sami rancen Dala miliyan 170 daga Hukumar Raya Ƙasashe ta Faransa. An tsara gina tashoshi biyar a Apo da Lugbe da Kuje da Wumba da Dawaki, da kuma jawo layi na uku daga Lafiya.

Wanda ya auna wannan jari da kuɗin dako kaɗai da TCN ke karɓa, zai ce ba riba. Amma ribar tasha tana aljihun wasu ne: mai masana'anta a Idu da ya kashe janareta, da mai otal da ya rage sayen man gas. Ko da aka ɗaga kuɗin wuta na rukunin A zuwa Naira 225 kan kowane yunit a Afrilun 2024, na janareta ya fi shi tsada.

Inda lissafin ke tsami shi ne wajen biya. Bashin na kuɗin waje ne, masu shan wuta kuwa da Naira suke biya. A farkon 2023, lokacin da Dala ke kusan Naira 460 a farashin gwamnati, rancen bai kai Naira miliyan dubu 80 ba. Da Dala ta haura Naira 1,500 a 2024, sai ya zarce miliyan dubu 250, alhali ba a ƙara ko falwaya ɗaya ba.

Sai kuma gaɓar ƙarshe. Tasha ba ta kai wuta shago da kanta. Muddin kamfanin AEDC mai rarrabawa bai ja ƙananan layuka ya sa taransifoma da mita ba, wutar za ta tsaya a bakin tasha, ruwan bashin kuwa yana ta hawa.